Rijiyar Mas

Ko da ni na so in manta da wannan abu, mutanen garinmu ba za su taɓa bari ba, don ramin yana nan har yau a arewacin gari, kuma duk baƙon da ya tambayi hanyar Turba da shi ake yi masa kwatance. Sai ka ji an ce, "Ka miƙe hal ka kai Rijiyam Mas, sannan ka karya dama." Baƙo yana cewa wace ce kuma Rijiyar Mas, shi ke nan an samu abin hira, a jawo masa tabarma a fara. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, gara ni ma in ba da nawa, ni da na jawo abin.

Ba zan faɗi sunan garin ba (in na faɗa, to nawa na faɗa). Ƙauye ne dai tsakanin Isa da Turba. Ni malamin makaranta ne, ina koyarwa a wata sakandare a Isa, kuma darasin da nake koyarwa shi ne labarin ƙasa. Wato karanta taswira ita ce sana'ata, da ita nake ci da iyalina. Ku riƙe wannan a ranku, za ku buƙace shi nan gaba.

A daminar da ta gabaci shekarar da abin ya faru ce rijiyarmu ta tsakiyar gari ta rufta. Tun daga nan mata suka koma gulbi. Da rani gulbin yashi ne zalla, sai mace ta durƙusa ta tona da ƙwarya, ta jira ruwa ya tsattsafo, ta riƙa kwasa tana ɗurawa a jarka. A da wannan wahala ce kawai, ba wani abu ba. Amma tunda 'yan bindiga suka mai da bakin gulbin hanyarsu, zuwa ɗebo ruwa ya zama abin da ake yi da addu'a. Mata sai sun haɗu da yawa suke tafiya, da hantsi, kuma ba a barin ko ɗaya a baya.

Da 'yan garinmu mazauna Sakkwato da kudu suka ji halin da ake ciki, suka haɗa kai suka aiko da siminti da rodi, daidai na ɗaurin rijiya ɗaya. Ɗaya tak, ba ƙari. Ga shi bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Ruwa na sauka kowa zai koma gona, babu mai zuwa gayya, rami kuma in ya sha ruwa kafin a ɗaure shi ruftawa yake yi. Saboda haka abin da ke gabanmu a fili yake: rijiya ɗaya, wuri ɗaya, cikin 'yan makonnin da suka rage. In aka kuskure wurin, mata sun koma gulbi sai wata shekara.

Muna da wanda ya san aikin. Baba Tunau ya haura saba'in, kuma tun yana saurayi yake haƙar rijiya, daga Gatawa har ƙauyukan da ke tsallaken iyaka. Gajere ne, ba shi da yawan magana, tafin hannunsa kamar bayan kasko. Shi ne kuma mahaifin matata Luba. Surukina ke nan, mutumin da ko abinci ba na iya ci a gabansa. Da aka ba shi aikin, kwana biyu ya yi yana zagaya gari ba takalmi. Ya duba inda itatuwa ke da ɗanyen ganye duk da rani, ya duba inda gara ta yi gini, ya gangara ya tsaya yana kallon gaɓar gulbi inda ruwa ya zaftare ƙasa ya bar ta hawa-hawa. A ƙarshe ya kafa turke a wani kwari kudu maso gabas da gari, kusa da tsohuwar kanya, ya ce nan.

Da a nan labarin ya ƙare. Sai dai ni ina da waya, kuma ina da aboki.

Sanusi ɗan Sabon Birni ne, tare muka yi sakandare, yanzu yana koyarwa a jami'a, fanninsa duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun muna yara shi mai son zancen taurari ne, ni kuma mai son a ce na sani ne. Na kira shi na ce ya nemo mini taswirar ruwan ƙasa ta yankinmu, irin wadda ake ɗauka daga sama. Ya ce zai duba. Ban yi haka don na raina Baba Tunau ba, ko kuwa in ce haka na riƙa gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce ana ta maganar rijiya a gari babu wanda ya tambaye ni komai, ni da nake da digiri a kan ƙasa, kuma abin yana ci mini rai.

Sabis a garinmu sai ka hau tudun arewa ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, wani lokaci ma na Nijar za ka kama. Rana ta uku na hau, sai ga hoto ya shigo daga Sanusi, a ƙarƙashinsa kuma saƙon murya na minti huɗu. Hoton ya buɗe. Saƙon ya ƙi, sai juyawa yake yi. Na jira shi kamar minti biyar, rana tana dukan ƙeyata, na ce me Sanusi zai faɗa wanda idona bai gani ba? Na sauko.

Hoton taswira ce mai launi, da alama daga fuskar kwamfuta ya ɗauko ta, don gefenta ya ɗan yanke. Can sama shuɗi ne, yana gangarowa ya koma kore, ya koma rawaya, ya koma ja, tsakiya kuma babu launi sai ƙasa ja-ja-ja. Can ƙasa launukan sun sake dawowa. A tsakiyar akwai wata doguwar tsaga da ta ratsa daga yamma zuwa gabas, ina ganinta na ce ga gulbinmu. Akwai ramuka zagayayyu birjik, manya da ƙanana, na ce kududdufai ne da wuraren da ake ɗibar ƙasar gini. A gefe akwai ɗan rubutun Turanci da lambobi. Na gane kalmar zurfi, na ga shuɗi yana nufin abin da bai kai mita ɗaya ba. Akwai kuma wata kalma wadda ko ɗan aji ɗaya ya san ma'anarta ƙanƙara ce. Na gan ta, ba zan ce ban gan ta ba. Na tsaya na yi tunani irin na masu ilimi, na yanke cewa Turawa suna nufin ruwa mai sanyi ƙwarai. (Mutum in yana son abu ya zama gaskiya, ko kalma ce ta tare masa hanya sai ya lallashe ta ta matsa.)

Washegari daga makaranta na biya shagon masu buga takardu a Isa, aka fitar mini da ita babba, mai launi. Na sa biro na rubuta sunaye da hannuna: nan Isa, nan Turba, nan gulbi, nan garinmu, ɗan sama da tsagar nan kaɗan. Sannan na sa aka rufe ta da leda don kada gumi ya ɓata ta.

Luba ta ga ina ta shafa takarda kamar sabon ango da hula. Na nuna mata, na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, ta ce, "To saƙon da yab biyo hoton hwa, mi yac ce?"

Na ce bai buɗe ba.

Ta ce, "Da dai ka jira shi buɗe kahin ka tahi wurin mutane."

Na ce mata aikin taswira ba aikin jira ba ne. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka zauna a ƙofar gidan Maigari don a sa ranar fara haƙa. Na bari sai da aka kusa tashi, sannan na yi gyaran murya na ce, "Ranka shi daɗe, akwai abin da nis samo." Na shimfiɗa takarda a kan tabarma. Kafin ka ce me, kawuna sun rufe ta.

Na yi bayani kamar ina aji. Na ce wannan hoton ƙasarmu ne daga sama, na'ura ce ta leƙa cikinta. Inda shuɗi yake ruwa na kusa, inda ja yake yana da nisa, inda babu launi kuwa babu ruwa sam. Kudu akwai shuɗi amma daji ne, kowa ya san masu dajin. Saura arewa. Na dangwala yatsa a kan shuɗin na ce wannan tudun arewa ne, kuma ko gaba ɗaya ba za a yi ba za a tarar da ruwa. (Gaba, ga wanda bai sani ba, faɗin hannuwa biyu ne in an miƙe su, da ita ake auna rijiya a wurinmu.) Don in ƙara wa miya gishiri na ce, "Ruwan ga, don sanyi, Turawa ƙanƙara sunka rubuta."

Abin da har yau nake jin ɗan sanyinsa a raina shi ne ba ni kaɗai na gane wurin ba. Maigari ya duƙa ya nuna wani ɗan fili ya ce ga gonarsa ta gero. Liman ya ga kududdufin bayan gidansa. Ni kaina na nuna gonar marigayi babana, har da iyakarta ta gabas da aka daɗe ana gardama a kai.

Aka miƙa wa Baba Tunau. Ya karɓa ya nisanta ta da fuskarsa, ya juya ta sama ta koma ƙasa, ya sake juyowa. Ya daɗe. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Malam, ina itace?"

Na ce daga sama ƙwarai aka ɗauka, itace ba ya fitowa.

Ya ce, "Ramukan ga hwa, wa yag gina su? Ni ban san muna da ramu haka ba."

Na ce kududdufai ne.

Ya ce, "Kuma kac ce bakin gulbi babu ruwa, amma bisa tudun marmara akwai?"

A nan ne ya kamata in tsaya. Ko ɗalibina ne ya rubuta mini haka a jarrabawa da jan biro zan bi shi. Amma mutane suna kallona, takarda tana ƙyalli cikin ledarta, sai na ji bakina ya ce, "Baba, kimiyya ta. Zamani ya wuce a bi gara tana nuna muna ruwa."

Wani ya yi tari. Na gaya wa surukina, a gaban Maigari da Liman da rabin gari, cewa aikin da ya yi shekara hamsin yana yi bin gara ne. Shi kuwa ya miƙa takardar ga na kusa da shi, ya gyara zama. Maigari ya dubi tsoho, ya dubi takarda, ya dubi ni mai digiri, ya ce to tunda gaba ɗaya ce kawai, a fara gwada tudun.

Kafin wayewar gari maganar ta shiga cikin gidaje, kuma a hanya ta sauya kaya. Ni na ce ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Abin da ya isa kunnen mata shi ne mijin Luba ya gano ƙanƙara a ƙarƙashin tudu. Ranar da aka fara haƙa, da idona na ga wata tsohuwa ta zo da kula ta zauna a inuwa tana jira.

Na ɗauka Baba Tunau zai ce ba ya jin daɗi, ko ya turo wani. Shi ya fara zuwa. Ya zana da'ira a ƙasa, ya yi bisimilla, ya sara. Ranar farko aka wuce yashi aka tarar da jar marmara. Aka cika gaba ɗaya, ƙasa a bushe kamar garin ƙuli. Na ce ai na'ura takan ɗan kuskure da kamu ɗaya ko biyu. Rana ta biyu diga ta fara fitar da wuta in ta sari dutse. Na ce alama ce mai kyau, ruwa yakan kwanta a ƙarƙashin dutse. Rana ta uku ban ce komai ba, na dai riƙa tsayawa a bakin rami da takarda a hammata ina gyaɗa kai. Tsohuwa mai kula ta daina zuwa.

Sau biyu Maigari yana tambaya ko za a fara ɗauri, a kawo siminti. Sau biyun Baba Tunau yana amsawa daga cikin rami, "A bari tukuna. Ƙasag ga tana da ƙarhi, ba ta son siminti yanzu." Ni a lokacin har na ji haushi, na ɗauka jan ƙafa yake yi don a ce aikina bai yi ba.

Rana ta huɗu mata suna gulbi suka ji ƙarar babura. Kowa ta watsar da abin da ke hannunta ta ruga. Daga baya aka gane 'yan kasuwa ne masu zuwa Isa, amma Luba ta dawo gida babu jarka, babu takalmi ɗaya, gwiwarta tana jini. Ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta kawo mini abinci ta ajiye. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ci tuwon nan ina sane da cewa da an bi turken babanta, da yanzu an kusa ruwa.

Rana ta biyar, rami ya kai gaba huɗu, hadari kuma ya yi baƙi a gabas ya watse. Maigari ya kira ni gefe, amma gefen da kowa ke ji, ya ce, "Malam, kira abokin nan naka mu ji. Ko akwai abin da munka ɓata." Abu ɗaya da tudun nan yake da shi, ban da marmara, shi ne sabis. Na kira, ta shiga. Kuma don ku san har lokacin ban gama hankali ba, da kaina na sa wayar a sifika, na ɗaga ta sama don kowa ya ji masani yana gaskata ni.

Muka gaisa. Na ce, "Sanusi, taswirar da kat turo, mun bi ta, mun kai gaba huɗu ba mu ga ruwa ba."

Ya ce, "Wace taswira? Ai ta garinku ban samu ba tukuna."

Na ce, "Mai launin nan. Shuɗi bisa, ja tsakiya."

Sannan ya ce, a hankali, "Kai. Ba ka ji saƙon da nib bari ba? Wagga ai ba duniyag ga ta ba. Taswirar ƙanƙarar da ke cikin ƙasad duniyam Mas ta. Darasi ni ka shiryawa, nit turo maka don ka sha kallo."

Maigari ya matso kusa da wayar ya ce, "Mas ta ina? Ta wajen Maraɗi?"

Sanusi ya ce, "Ranka shi daɗe, tauraron nan ja da a ka gani bisa. Wata duniya ta daban."

Mutane kan ce sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ba sai ta tsage ba, ramin yana gabana, gaba huɗu, ni na sa aka haƙa. Wani daga baya ya fara dariya yana toshe baki, wani ya kama, sai wuri ya ɓarke. Liman yana share hawaye yana cewa ashe kududdufinsa ya yi nisa haka. Maigari kaɗai bai yi dariya sosai ba, ina jin ya tuna da gonarsa ta gero.

Ana cikin haka igiya ta motsa. Aka jawo Baba Tunau, ya fito jajir da ƙura tun daga gira har ƙafa. Ya ji komai daga ƙasa. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Sai ya zauna a kan tulin ƙasar da ya haƙo, ya yafito ni da hannu ya ce in matso da wayar.

Ya ce, "Yaro, kac ce ƙanƙara cikin ƙasa. Zube take awa dutsi, ko tsakanin yashi ta ka shiga?"

Na ji muryar Sanusi ta sauya, irin ta malamin da ya samu ɗalibin kirki. Ya ce duka biyun akwai. Wani wuri ta cike 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi ta ɗaure su tamau, wani wuri kuma shimfiɗe take zalla, mai kauri, ƙasa ta lulluɓe ta. Baba ya gyaɗa kai ya ce ruwa ma haka yake, mutane suna ɗauka tafki ne a ƙasa, alhali yawancinsa cikin yashi yake zaune.

Ya tambaya me ya sa shuɗi ya taru a sama da ƙasa ya bar tsakiya. Sanusi ya ce duniyar tana da sanyi ƙwarai, iskarta kuma ba ta da kauri, ruwa ba ya iya zama a fili. Can ƙarshenta na arewa da na kudu, inda rana ba ta da ƙarfi, in ka share ƙura da hannu kaɗan za ka tarar da ƙanƙara. Kana matsowa tsakiya tana ƙara nutsewa, tana kuma rarrabuwa, nan akwai can babu, ya danganta da irin ƙasar da ta rufe ta da kuma ko gangaren yana fuskantar rana ko ya ba ta baya. A tsakiya kuwa, inda rana ta fi bugu, ta saman ta daɗe da bin iska, ko narkewa ba ta tsayawa yi. In akwai saura to ta yi zurfi, kuma masana ba su gama daidaitawa a kai ba.

Baba ya ce, "To wa yash shiga yag gani?"

Sanusi ya ce babu. Akwai na'urorin da ke zagaya duniyar suna aika sauti irin na rediyo cikin ƙasa suna sauraren yadda yake dawowa. Sannan ramukan nan da na kira kududdufai, duwatsu ne ke faɗowa daga sama su fasa ƙasa. In ramin sabo ne akan ga fari a cikinsa, bayan 'yan watanni farin ya ɓace, da haka aka san ƙanƙara ce. Akwai kuma wuraren da ƙasa ta zaftare ta bar gaɓa a tsaye, ana hango ƙanƙarar a jikinta hawa-hawa.

A nan tsoho ya yi murmushi, karo na farko cikin kwana biyar. Ya ce, "Ashe su ma gaɓa su ka dubi." Sannan ya ce, "In anka ci gaba da gina hwa? Ƙasa tana da ɗumi can ciki. Ni na sani, na shiga."

Sanusi ya ce wannan ita ce babbar tambayar. Ɓawon da ya daskare ya fi kauri a ƙarshen arewa da kudu, ya fi sirantaka a tsakiya, kuma a ƙarƙashinsa akwai inda ɗumin ciki ba zai bar ƙanƙara ta zauna ba. Wataƙila akwai ruwa a can, wataƙila ya ƙare tuntuni. Nisan ya wuce abin da aka taɓa haƙawa, babu wanda ya sani.

Baba ya ce, "Allah Sarki. Ba su da mai gina."

Duk wannan hira ni ne maƙalin waya. Ina tsaye, hannu a miƙe, malamin labarin ƙasa, ina sauraren tsohon da na ce yana bin gara yana yi wa malamin jami'a tambayoyin da ko ɗaya ba ta zo mini a kai ba, ni da na kwana biyar da takardar a hammata.

Da aka kashe waya Baba ya tashi ya karkaɗe wando, ya ce wa Maigari, "Siminti shina nan, ko buhu guda ba a taɓa ba. Gobe mu koma kanya." Sai a lokacin na gane abin da "ƙasa ba ta son siminti" take nufi. Tun ranar farko ya san ramin banza yake haƙawa. Ya ba ni ƙarfinsa na kwana biyar, amma bai ba ni simintin gari ba.

Aka koma kanya. Na ɗauki hutu a makaranta na shiga layin masu jan guga, tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe, babu wanda ya ce mini sannu kuma ban nema ba. A gaba bakwai ƙasa ta yi danshi, a ta takwas ruwa ya ɓuɓɓugo. Aka gama ɗauri ana gobe ruwan farko zai sauka. Kwana ɗaya ne tsakaninmu da wata shekarar gulbi, kuma kwana biyar ɗin da suka kusa jawo haka nawa ne.

Na je ba Baba Tunau haƙuri da rana tsaka, na durƙusa a zaurensa na daɗe ina kame-kame. Da na samu bakin magana na tambaye shi, tunda ya sani, me ya hana shi faɗa tun a ƙofar gidan Maigari? Ya ce, "In nic ce a'a, cewa za a yi tsoho na jin haushin boko, rabin gari su bi ka, rabi su bi ni, hal damina ta iske mu muna gardama. Nic ce bari ƙasa ta hwaɗa maka da kanta, ita ba surukarka ta ba." Sannan ya ƙara da cewa, kuma wannan ita ce maganar da ta bi gari har yau, "Ai ba ka yi ƙarya ba, Malam. Ƙanƙara tana nan arewa inda kac ce. Duniyar ɗai ce ba tamu ba."

Saƙon muryar nan sai bayan mako biyu ya buɗe, ina cikin mota a hanyar Sabon Birni. Na kai waya kunne. Bayan sallama, abin da Sanusi ya fara faɗa shi ne, "To, kada ka ɗauka wanga garinku na."

Na gaya wa Luba da na dawo. Tana zuba ruwan sabuwar rijiya a randa, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Minti nawa na saƙon?" Na ce huɗu. Ta ce, "Uhm."

Taswirar tana nan, na rataye ta a ajina, da sunayen da na rubuta da biro, har da gonar babana. Duk sabbin ɗalibai da ita nake fara musu darasi. Nakan ce su dube ta da kyau su gaya mini ko ina ne, kuma kowace shekara sai an samu mai ɗaga hannu ya nuna mini gidansu. Ba na yi masa dariya, ba ni da bakin yi. Nakan dai gaya musu cewa kafin mutum ya tambayi taswira ina ruwa yake, ya fara tambayarta wace duniya ce, in kuma an haɗo ta da saƙo, ya tsaya a rana ya jira ya buɗe.